Malam Abdulƙadir Ɗan Tafa na Salame, 1804–1864: Masanin da Ya Haɗa Bincike da Tsoron Allah

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani malami na ƙasarmu ta Sakkwato, watau Malam Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa. Musulmi ne, jikan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ne kuma. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya kawo labarin malamin Musulunci cikin takardar Ikilisiya? To, tun shekarar 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta koya mana mu dubi Musulmi da idon daraja, kada kuma mu ƙi wani abu na gaskiya da muka tarar a wurin maƙwabtanmu. Ban da haka, tambayar da ta dami wannan bawan Allah dukan kwanakinsa ita ce take damun gidajenmu yau. Akwai iyaye a Kebbe da Tambuwal da ke tsoron kada yaron da suka aika koyon kimiyya ya komo musu ba bangaskiya. Akwai kuma samari da 'yan mata da suke zaton dole mutum ya zaɓi ɗaya, ko ɗakin gwaje-gwaje ko ɗakin sujada. Rayuwar Ɗan Tafa tana da abin da za ta nuna wa duka biyu: abin da ke sa ilmi ya ba da 'ya'ya, da abin da ke hana shi.

Haihuwarsa da gidan da ya tashi

An haifi Abdulƙadir a shekarar 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu. Ke nan ya buɗe ido cikin ƙurar yaƙi, gama a watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, ba a kuwa ci Alkalawa, babban birnin Gobir, ba sai 1808. Yana ɗan shekara biyar aka soma gina birnin Sakkwato. Yana da shekara goma sha uku kakansa Shehu ya rasu, a 1817, mulki ya koma hannun kawunsa Muhammadu Bello.

Mahaifinsa, Malam Mustafa, wanda ake kira Malam Tafa, almajirin Shehu ne kuma magatakardansa, mutum mai hulɗa da littattafai dare da rana. Mahaifiyarsa Hadiza 'yar Shehu ce, malama ce ita ma, mai rubuta waƙoƙin ilmi cikin Fulatanci. Nana Asma'u, wadda ta kafa tsarin 'yan taru domin koyar da matan karkara, ƙanwar mahaifiyarsa ce. Muhammadu Buhari, ɗan Shehu da ya zauna a Tambuwal, wanda zuriyarsa suka riƙe sarautar garin, kawunsa ne. Saboda haka mutanen kudancin Sakkwato suna da rabo cikin wannan labari.

Malam Tafa ya kafa makaranta a Salame, wani gari a arewa da Sakkwato, cikin ƙasar Gwadabawa ta yanzu. A nan Abdulƙadir ya zauna, ya yi karatu, ya karantar, bayan rasuwar mahaifinsa kuma ya gaji shugabancin makarantar. Ya fara da abin da kowane almajiri yake farawa, watau Alƙur'ani, da nahawu, da fiƙihu, da hadisi, da tafsiri. Amma akwai wani kawun nasa, Muhammadu Sambo ɗan Shehu, mutum mai gudun duniya da yawan kaɗaita domin ibada, wanda ya buɗe masa ƙofar sufanci da ta zurfin tunani. Tun bai kai shekara ashirin ba, Abdulƙadir ya riga ya tsara waƙa da Larabci yana bayyana ma'anar kalmomin da sufaye suke amfani da su.

Ilmin mutanen farko

Abin da ya bambanta shi da yawancin malaman zamaninsa shi ne, ya nutsa cikin abin da Larabawa suke kira ilmin mutanen farko. Wannan suna ne da aka ba fannonin da aka gada daga Girkawa na dā, aka juya su zuwa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9, masana irin su Ibn Sina suka ƙara musu gini. A ciki akwai lissafi, da ilmin taurari, da likitanci, da labarin ƙasa, da nazarin ɗabi'ar abubuwa, da manɗiƙi, watau ƙa'idodin tunani mai kyau, da falsafa wadda take tambayar asalin kowane abu da makomarsa.

Kada a yi zaton wannan ilmi baƙo ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a haifi Shehu, wani Bafillace daga Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a 1732 a kan ƙa'idodin gina hatimi. Hatimi dai gida-gida ne na lambobi, wanda ko ta ina aka haɗa layinsa jimla ɗaya za a samu, kamar mai gida tara da kowane layi yake ba da 15. Mutane sun ɗauke shi abin laya, amma hanyar gina shi lissafi ne tsantsa. Al-Katsinawi ya rasu a Alƙahira a 1741.

Shi kansa Sarkin Musulmi Bello ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Sa'ad da Baturen Ingila Kyaftin Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya tarar Bello ya san sunayen taurari da yawa da Larabci, yana kuma tambaya a kan rarrabuwar Kirista na dā irin su mabiya Nestoriyus. Da ya komo a 1826, ya kawo masa littafin lissafin siffofi na Uƙlidis cikin Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, gama gidansu sun taɓa mallakar irinsa, wanda aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi.

Wani reshe na wannan ilmi ya kai har ga manomi. Malamai sun raba shekara bisa taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya kuwa kwana 14, jimla kwana 365. Da wannan lissafi, da kuma duban fitowar Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa suke kira Surayya, tsofaffi suke kirdadon faɗuwar damina da lokacin shuka. A irin wannan yanayi ne Ɗan Tafa ya girma, inda duban sama da ƙirga kwanaki suke tafiya tare da salla.

Abin da ya rubuta

Littafinsa da ya fi shahara shi ne Raudatul Afkar, watau dausayin tunani, wanda ya rubuta wajen shekarar 1824, yana ɗan kimanin shekara ashirin. Tarihi ne na ƙasashen Hausa, musamman Gobir da maƙwabtanta, sa'an nan ya bi shekarun jihadi ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya nuna halinsa tun yana saurayi: ya tattara abin da ya ji daga tsofaffi da abin da ya karanta, ya jera su bisa lokaci, ya ƙirga shekarun sarakuna. Masana tarihi suna dogara da shi har yau. A 1916 wani jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, ya buga fassararsa da Turanci, amma ya jingina shi ga Muhammadu Bello bisa kuskure, har sunan ainihin mawallafin ya ɓoyu na wani lokaci.

Wajen 1828 ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya. A cikinsa ya ɗauko ra'ayoyin waɗanda suke cewa babu kome sai abin da hannu yake taɓawa, da na waɗanda suke mai da kowane al'amari ga ɗabi'a kawai, ya auna su. Ya duba batun ruhu, ko akwai shi ko babu, da batun shuɗewar duniya, da yadda falaki yake. Abin lura a nan shi ne, bai toshe kunne ga masu musun abin da ya gaskata ba. Ya koyi maganarsu tukuna, sa'an nan ya amsa. Ya kuma tsara wani ɗan gajeren aiki mai suna Kulliyatul Alamis Sitta, a kan manyan tushe guda shida na samuwar duniya. Ya yi rubutu a kan mafarki, yana neman gane abin da yake faruwa ga mai barci ta fuskar jiki da ta ruhu. Ya yi sharhi a kan koyarwar sufi Abdulkarim al-Jili game da kamilin mutum. Cikin shekarar da ya rasu ma yana kan rubutu a kan tsohuwar muhawara ta ƙaddara da zaɓin ɗan Adam.

A 1853 wani matafiyi Bajamushe, Dokta Heinrich Barth, wanda ya shiga ƙasar da sunan Abdulkarim, ya sauka a Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A nan ya sadu da Ɗan Tafa. Barth mutum ne da ya yi karatu a jami'ar Berlin, ya kuma ratsa Agadas da Kano da Borno da Adamawa, duk da haka ya shaida a littafin tafiyarsa cewa cikin mutanen Sakkwato na wannan zamani babu wanda ya kai Ɗan Tafa ilmi. Daga bakinsa ne Barth ya fara jin tarihin sarakunan Askiya na daular Songhai. Ga Kirista daga Turai, ga Musulmi daga Salame, sun zauna tabarma ɗaya, wannan yana tambaya, wancan yana amsawa, ilmi kuwa ya ƙaru a duniya ta dalilin zaman nan.

Alkawuran da ya ɗauka

Ba kowa ne ya ji daɗin irin karatun Ɗan Tafa ba. Akwai waɗanda suka yi masa kallon zargi, suna ganin falsafa da ilmin mutanen farko hanyar ɓata ce. Wajen 1855, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya rubuta Uhudu wa Mawasiƙ, watau alkawura da wa'adodi, inda ya jera abin da ya ɗaukar wa kansa tsakaninsa da Allah. A nan ne muke ganin zuciyarsa a fili.

Ya bayyana cewa zai kafa aƙidarsa a kan abin da aka saukar, domin a ganinsa iyakar abin da hujjar hankali take iya yi shi ne ta tabbatar akwai Allah, amma sanin ko shi wane ne, da siffofinsa, sai ta hanyar wahayi. Ya yi alkawari ba zai yi amfani da ilmin asirai domin cutar da wani ko neman abin duniya ba. Game da falsafa kuwa, ya nuna cewa ya koye ta a kan hanya mai kyau, ya riƙe daidai, ya zubar da kuskure. Amma sai ya ƙara da wani alkawari mai nauyi: ba zai kira kowa zuwa ga waɗannan fannoni ba, ba kuwa zai koyar da su ba, don gudun kada wani ya ɓata ta dalilinsa.

Bai kamata mu yi saurin hukunta shi ba. Tausayin masu raunin fahimta ne ya sa shi, da kuma nauyin zargin da yake kansa. Duk da haka alkawarin yana da tsada. Fiƙihu da nahawu da tafsiri, waɗanda aka riƙa miƙawa daga malami zuwa almajiri, ga su nan ana karanta su a zaure har gobe. Littattafan falsafar Ɗan Tafa kuwa suka zauna a rubutun hannu, cikin gafaka da akwati, sai a ƙarshen ƙarni na 20 masu bincike suka waiwaye su. Cikinsu akwai Dokta Ahmad Muhammad Kani, wanda ya yi nazari mai zurfi a kan rayuwarsa da rubuce-rubucensa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1980. Iri kome kyansa, in ya daɗe a rumbu ba a kai shi gona ba, ba ya ciyar da kowa.

Akwai kuma wata iyaka da zamani ya sa masa. Hoton duniya da ya gada daga littattafan dā, mai ƙasa a tsakiya da falaki hawa-hawa kewaye da ita, an riga an rushe shi a Turai. Kofanikus ya buga littafinsa a 1543 yana nuna ƙasa ce take kewaya rana, Galileyo kuma ya ɗaga madubin hangen nesa zuwa sama a 1609. A Sakkwato ta zamanin Ɗan Tafa babu injin ɗab'i. Kowane littafi da alƙalami ake kwafe shi, a kan takardar da fatake suke ɗaukowa daga Italiya ta Tarabulus, su ƙetaro hamada da ita a kan raƙuma. Basira tana nan, himma tana nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan awo da kuma hanyar da binciken mutum ɗaya zai isa ga dubu, su duba shi, su gyara.

Ikilisiya ma ta bi ta wannan hanya

Mu Katolika ba mu da dalilin yin fahariya a nan, gama irin wannan tsoro ya taɓa kama gidanmu. A 1210 aka hana karantar da littattafan Aristotil na nazarin ɗabi'a a birnin Paris. Waɗanda suka fitar da Ikilisiya daga wannan tsoro 'yan ƙungiyar Dominikan ne guda biyu, ƙungiyar da 'ya'yanta suka aza harsashin Dayosis ɗinmu na Sakkwato, wanda ya zama cikakken dayosis a 1964. Na farko shi ne Waliyi Albat Babba, wanda ya rasu a 1280. Ya karanta Aristotil, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd, sa'an nan ya fita da ƙafarsa yana duban tsirrai da tsuntsaye da kifaye, yana gyara maganar magabata a inda idonsa ya ga dabam. A 1941 Paparoma Piyus na Goma Sha Biyu ya sa shi majiɓincin masu binciken halitta, muna kuma tunawa da shi ran 15 ga Nuwamba.

Na biyu shi ne almajirinsa, Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274. Ya koyar cewa hankali, ta wurin duban halitta, yana iya kaiwa ga sanin akwai Allah, amma asirai irin su Triniti Mai Tsarki sai Allah da kansa ya bayyana su. Ku duba yadda wannan ya yi kusa da inda Ɗan Tafa ya tsaya, ko da yake abin da kowannensu ya karɓa a matsayin wahayi ya bambanta. Toma bai tsira daga zargi ba shi ma. Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1277, Bishop na Paris ya haramta maganganu 219, waɗansunsu sun shafi koyarwarsa. Bambancin shi ne, Albat da Toma sun ci gaba da koyarwa a fili, almajiransu suka kwafe, suka yi gardama, suka miƙa wa na baya.

Ba a nan tuntuɓen ya ƙare ba. A 1633 kotun Ikilisiya ta hukunta Galileyo saboda ya koyar cewa ƙasa tana kewaya rana. Sai a 1992 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana a fili cewa masanan tauhidin da suka hukunta shi sun yi kuskure, domin sun ɗauki Littafi Mai Tsarki kamar littafin koyar da tafiyar taurari. A 1998 kuma ya fitar da wasiƙa mai suna Fides et Ratio, watau Bangaskiya da Hankali, inda ya nuna cewa su biyun suna bukatar juna wajen kaiwa ga gaskiya.

Abin da ke sa ilmi ya ba da 'ya'ya

A daidai shekarun da Ɗan Tafa yake rubuta alkawuransa a Salame, wani fada ɗan ƙungiyar Waliyi Agustin, Gregor Mendel, yana durƙushe a lambun gidan ibada a birnin Brno, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka wani irin wake wajen tushe 28,000, yana haɗa auren mai tsawo da gajere, mai santsin ƙwaya da mai tamoji, yana ƙirgawa. Ya ga 'ya'yan farko duk sun ɗauko kama ɗaya, amma a jikoki kamar da ta ɓuya ta sake fitowa, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Ya karanta sakamakon a gaban taron masana a 1865, shekara guda bayan rasuwar Ɗan Tafa, aka buga shi a 1866. Kusan ba wanda ya kula, har Mendel ya rasu a 1884. Amma da yake an buga aikin, an kuma rarraba shi a ɗakunan karatu, a 1900 masana tsirrai uku suka sake gano shi. Daga nan ilmin gadon halitta ya tashi. Ingantaccen irin dawa da wake da gyaɗa da ake fitarwa a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wanda yake isa har gonakin Kebbe, jikan wannan lambu ne.

In muka ajiye mutanen nan biyu gefe da gefe, za mu ga abubuwa huɗu. Na farko, mai bincike yana bukatar ya amince cewa halitta tana da tsari, cewa abin da ya faru yau bisa wata ƙa'ida zai faru gobe. Ba a gwada wannan a ɗakin gwaji, daga falsafa da bangaskiya yake zuwa, gama wanda ya gaskata Mahalicci mai hikima ne ya yi duniya yana da dalilin sa ran samun hikima a cikinta. Ɗan Tafa da Mendel duka suna da wannan. Na biyu, sai an duba da ido, an ƙirga, an gwada, an kuma yarda abin da aka gani ya gyara abin da aka karanta. Na uku, sai an fitar da abin da aka samu fili, domin wani ya maimaita, wani ya musa, wani ya ɗora. A nan ne Mendel ya sami abin da Ɗan Tafa ya rasa. Na huɗu, sai mai ilmi ya san iyakarsa, ya kuma san abin da bai halatta ya yi da ilminsa ba. A wannan Ɗan Tafa malami ne ga zamaninmu, gama ƙarni na 20 ya nuna mana cewa ilmin da ya kawo rigakafin ƙyanda da shan-inna shi ne kuma ya ƙera bam ɗin da aka jefa a Hiroshima a 1945. Kimiyya tana faɗa mana yadda abu yake aiki. Ko ya kamata a yi shi, da kuma domin wa, wannan tambaya ce ta lamiri.

Sanin iyaka ya shafi masu addini su ma. Fada Georges Lemaître na ƙasar Beljiyam, wanda a 1927 ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, bai yarda a mai da bincikensa hujjar tabbatar da labarin halitta ba. Ya san cewa sakamakon kimiyya yana iya sakewa gobe, bangaskiyar da aka jingina a kansa kuwa sai ta faɗi tare da shi. Wannan ita ce hikimar da Ɗan Tafa ya riga ya gani, sa'ad da ya ƙi ɗora aƙidarsa a kan hujjar da wani mai wayo zai iya warwarewa.

Rasuwarsa da abin da ya bar mana

Malam Abdulƙadir ya rasu a 1864, yana da shekara sittin, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku. A wannan shekara ce kuma Nana Asma'u ta rasu. An san shi da alƙalami da karantarwa. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, aka kawo wani tsarin makaranta dabam, wanda ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa lissafi da binciken halitta kayan Bature ne. Tarihin Ɗan Tafa, da na al-Katsinawi, da na Bello, ya isa ya kawar da wannan zato. Neman sanin yadda Allah ya tsara duniya gadonmu ne mu duka, Kirista da Musulmi na wannan ƙasa.

Saboda haka, iyaye, kada tsoro ya sa ku riƙe 'ya'yanku a gida, maza ko mata. Ku tuna uwar Ɗan Tafa malama ce. In yaro ya komo hutu da tambayar da ta fi ƙarfinku, kada ku tsawata masa kamar ya yi saɓo. Ku kai shi wurin fada ko katikis ko malamin makaranta, a zauna a duba tambayar tare, gama tambayar da aka danne takan ruɓe a ciki, ta zama shakka. Ku kuma ɗalibai, na sakandare da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantu, ku yi awo da gaskiya, kada ku rubuta sakamakon da ba ku gani ba, kada ku sayi maki. Wanda ya yi ƙarya a littafin gwaji ya karya doka ta takwas kamar mai shaidar zur a gaban alƙali. Ku malamai da ma'aikatan jinya da malaman gona, ku tuna da misalin da Ubangijinmu ya bayar na bawan da ya binne talantinsa a ƙasa. Abin da kuka sani game da tafasa ruwan sha, da rigakafin yara, da adana iri, ku koya wa maƙwabci, ko wane addini yake bi.

Bari Allah, Mahaliccin sama da ƙasa, wanda ya ba ɗan Adam hankali domin ya bincika ayyukansa, ya ba 'ya'yanmu basira da tawali'u, ya tsare su daga girman kai da kuma tsoro. Bari ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, ya sa ilmin da ke cikin ƙasarmu ya zama abinci ga mayunwata da magani ga marasa lafiya. Waliyi Albat Babba, ka yi addu'a dominmu. Amin.